Gure Tana Jiran Baƙin Sama

Garin Gure yana gabas da Damagaram, tafiyar kilomita kamar 160 bisa babbar hanyar da ta nufi Difa. Idan an sallame isha'i, iska ta lafa, samari sukan taru a fada ana dafa shayi, wayar hannu kuwa tana zagayawa daga wannan zuwa wancan. Cikin abubuwan da masu sha'awar silima suka riƙa miƙa wa juna ta waya tun watan Disamba 2025, akwai ɗan guntun tallan wani fim na Amurka mai suna Disclosure Day, wato ranar da za a bayyana abin da aka ɓoye.

Mai fim ɗin shi ne Steven Spielberg, wanda aka haifa a 1946. Kamfanin Universal ya ajiye ranar 12 ga Yuni 2026 domin fitowarsa a gidajen silima. Amma ga mutumin Gure, ranar fitowa a Amurka ba ita ce ranar gani ba. Tsakaninsa da Yamai ma akwai fiye da kilomita 1000. Saboda haka jiransa ya fi na kowa tsawo: sai fim ya gama yawon manyan birane kafin ya iso gidan kallo ko katin waya.

Me ya sa ake ɗokinsa

Dalili na farko shi ne, labarin sabo ne ful. Yawancin manyan finafinan da Amurka ke zuba wa dukiya a shekarun nan, ko dai ci gaban wani tsohon fim ne, kashi na biyu ko na biyar, ko kuwa daga wani littafi aka ɗauko su. Mai kallo ya san jarumi tun kafin a kashe fitila. Wannan kuwa Spielberg ne ya ƙago tushen labarin, David Koepp ya rubuta shi, aka kuma rufe cikinsa ruf. Tallan bai nuna wani abu mai yawa ba, sai alamun cewa ɗan Adam ba shi kaɗai ba ne a cikin halitta. Abin da aka rufe da faifai, ai shi ido ya fi son leƙawa.

Dalili na biyu shi ne mutumin kansa. Shi ne ya yi Close Encounters of the Third Kind a 1977, da E.T. a 1982, dukansu labarin baƙi ne daga sararin samaniya. Irin waɗannan ake kira tatsuniyar kimiyya. Bambancinta da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi shi ne, mai ita yakan ɗauki wani abu da ilimi ya tabbatar, sa'an nan ya tambaya: in abin nan ya ci gaba, ina zai kai jama'a nan da shekara hamsin ko ɗari? Ba duba ba ce, ba kuwa da'awar sanin gaibu ba. Tunani ne bisa abin da ke hannu.

An riga an rubuta da Hausa

Wanda ya fito ajin yaƙi da jahilci ya kamata ya san cewa irin wannan labari ba baƙo ba ne ga harshen da ya koyi karantawa. A 1969, shekarar da ƴan Amurka suka taka wata, aka buga littafin Umaru Dembo mai suna Tauraruwa Mai Wutsiya a Zariya. Labarin wani yaro ne, Kilba, da wani baƙo daga sama ya ɗauka ya kai shi yawon sararin samaniya. Wato shekara 13 kafin E.T., Bahaushe ya riga ya haɗa yaro da baƙon sama a cikin littafi.

Ta wajen silima ma Nijar ba ƴar baya ba ce. Mustafa Alasan, wanda aka haifa a 1942 a Ndunga, ya rasu a 2015, yana cikin waɗanda suka fara fim na zane mai motsi a Afirka. Tun yana saurayi yake haɗa akwati da fitila yana nuna wa jama'a hotuna. A 1966 ya fito da Bon Voyage Sim, labarin shugaban wata jamhuriya ta kwaɗi. A shekarar dai ya yi Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya komo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka hana ƙauyensu sakat. Darasin fim ɗin bai tsufa ba: wanda ya ari rigar wani bai auna ba, ko ta yi masa yawa ko ta shaƙe shi. Bayan haka, a 1972, Umaru Ganda ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, shi ne kuwa na farko da ya taɓa cin ta.

Kayan labari a ƙofar gida

Abin da masu fim na waje ke kashe kuɗi su ƙaga, ƙasar nan tana da shi na gaske. A watan Nuwamba 2023 aka tsinci wani dutse a hamadar jahar Agadas, nauyinsa ya kusa kilo 25. Masana suka auna suka tabbatar daga duniyar Mars ya fito: wani babban dutse ne ya faɗa mata, ɓarɓashi ya yi tsalle cikin sarari, wani yanki ya faɗo nan. Ba a taɓa samun yankin Mars mai girmansa a doron ƙasa ba. Ranar 16 ga Yuli 2025 gidan gwanjo na Sotheby's a birnin New York ya sayar da shi dala miliyan 5 da dubu 300, wato wajen miliyar 3 na kuɗin sefa. Gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita, ta kuma dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu a watan Agusta na shekarar. Baƙon sama na haƙiƙa ya sauka a Nijar, amma ɗan lakwal na Gure bai sa shi a ido ba.

Haka ma ƙasusuwan manyan dabbobin farko da aka tono a Gadufawa, kamar Nigersaurus mai haƙora wajen 500, wanda ya rayu shekara miliyan 110 da suka wuce. Haka ma labari: a 2007 marubuciya Nnedi Okorafor, Ba'amurkiya ƴar asalin Najeriya, ta buga wani littafi da Ingilishi wanda ta ajiye labarinsa a Nijar ta shekarar 2070. Dutse ya fita ɗanye, ƙashi ya fita ɗanye, labari ma ya fita ɗanye, kamar yadda gyaɗa ta riƙa fita a da, a komo da ita cikin kwalba.

Gure kuwa tana da tata tambaya, wadda ta fi ta kowane fim nauyi. Ƙasar Muniyo ƙasa ce ta kwaruruka masu dabino da goruba da kanwa, tudun rairayi kuma yana matso su kowace shekara. Maza da mata suna fita aikin kafe rairayi, suna kafa shinge, suna dasa itatuwa. To, nan da shekara ɗari, wa zai ci nasara, shinge ko rairayi? Da wane ruwa jikokin yau za su yi garka? Wane makiyayi zai bi taurari zuwa Tarmit? Mutanen da suka san Zara matar wata, da Kaza da ƴaƴanta, da Gamzaki mai fitowa da asuba, ba sai an koya musu duban sama ba. Abin da ya rage shi ne a rubuta.

Abin da ya kamata

Nan ne aiki ya faɗo kan ɓangare biyu. Wanda ya iya karatu da rubutu, kada ya tsaya ga wasiƙa da lissafin kasuwa. Littafin rubutu da alƙalami sun isa a fara; Mustafa Alasan da akwati ya fara. Wayar da ake kallon talla da ita, ita ma tana ɗaukar hoto. Ma'aikatan hukuma kuwa, na ilimi da na al'adu, da magadan gari, suna iya sa gasar ƙagaggun labarai da Hausa da Barbarci da Fillanci da Tubanci, a karanta waɗanda suka yi fice a rediyon gari, a sa littattafai irin na Umaru Dembo a ɗakunan karatu, a nemo finafinan magabata a nuna a fili kamar majigin da.

Ba laifi ba ne a yi ɗokin fim ɗin Spielberg. A kalla, a ji daɗi, a lura da yadda gwani ke saƙa labari. Amma tuwon maƙwabci, kome daɗinsa, ba ya hana a hura wuta a gida. Ranar da za a ce an taru a fada ana jiran fim ɗin da ɗan Gure ya tsara, da harshen da tsohuwa za ta ji ba tafinta, ran nan jira zai yi riba.