Ganuwar Kano: mai ita daban, mai raba ta daban

Duk ɗan Adar da ya taɓa zuwa cin rani Kano, ko daga Tabotaki ya tashi ko daga Buza ko Madawa, ya san Ƙofar Ruwa da Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata. Can yake sauka mota, can yake sayen kayan da zai komo da su gida. Amma in aka tambaye shi ko ya ga ganuwar da waɗannan ƙofofi suke jikinta, sai ya yi jim. Abin da ya gani kantuna ne da garejin makanikai da juji, sai kuwa wani tudun jar ƙasa jefi-jefi wanda awaki ke hawa. To, wannan tudu shi ne abin da ya saura na ganuwar, wadda Kanawa ke kira badala.

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ya yi sarauta daga 1095 zuwa 1134, shi ya aza harsashinta, kuma ran da aka soma aiki shanu 100 ya yanka wa jama'a. Ɗansa Tsaraki ya ƙarasa. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wanda ya gina fadar da har yau ake kira da sunansa, ya faɗaɗa ta. Ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. A cikinta akwai duwatsun Dala da Gwauron Dutse, akwai gonaki da makiyaya, domin in abokan gaba sun yi wa birni zobe kada yunwa ta buɗe musu ƙofa. Bajamushen nan Barth, wanda ya bi ta Agadas da Tasawa ya isa Kano a 1851, ya ƙiyasta mazauna birnin 30.000, ya kuma tarar da fili mai yawa a ciki wanda ba a gina ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi shi ne, ginin ƙasa ba a gama shi. Kowace damina tana cin rabonta, kowace kaka sai a mayar. In ruwa ya ɗauke sarki kan sa a yi shela, a raba wa unguwanni da ƙauyuka yankin da kowa zai gyara, a haƙo ƙasa, a kwaɓa, a yi tubali, a yaɓe. Gayya ake ce mata, amma kada mu yi wa tarihi kwalliya: akwai tilas a cikinta, akwai kuma gumin bayi. Duk da haka kowane taƙi na ganuwar yana da wanda za a tuhuma in ya zube, kamar yadda kowace ƙofa take da sarkinta mai rufe ta da dare.

Ran 3 ga Fabrairu 1903 sojan Ingila, ƙarƙashin Kanar Morland, suka fasa ta wajen Ƙofar Kabuga da igwa, Sarki Alu kuwa ya tafi Sakkwato. Turawa da kansu sun yi mamakin ginin: tsayinsa mita 9 zuwa 15, kaurin gindinsa wajen mita 12. Amma daga ranar nan ganuwa ta rasa aikinta. Babu yaƙin da za ta tare, saboda haka sannu a hankali shelar gyara ta mutu. Ruwa ya tsaga, masu neman ƙasar gini suka bi tsagar da jakunansu, daga baya da motoci. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A takarda dai ganuwa tana da mai ita. Tuni aka sa ta cikin kayan tarihin da doka ta hana taɓawa, kuma hukumar gidajen tarihi ta tarayya, wadda aka kafa a 1979, ita ce mai kula da ita. A 2007 Najeriya ta shigar da ita jerin wuraren da take fatan UNESCO ta karɓa cikin gadon duniya. Sai dai wata dokar, ta 1978, ta danƙa dukkan filayen jiha a hannun gwamna. Ga inda gizo ke saƙar: mai ganuwa yana Abuja ba shi da kuɗi, mai raba filin da take kai yana Kano da alƙalami a hannu. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa don a faɗaɗa titi, aka mayar da ta siminti, hukumar tarihi ta yi kuka, kukan bai tada ko tubali ɗaya ba.

Rigimar ta fito fili sosai a 2023. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau ran 29 ga Mayu, bai cika mako ba motocin rusau suka fita. Ya zargi gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje (2015 zuwa 2023) da sayar da filayen jama'a: na makarantu, na masallatai, na maƙabartu, da na jikin badala. Aka rushe kantunan filin Idi na Ƙofar Mata da wasu manyan gine-gine, gwamna ya ce da ɓaraguzansu za a gyara ganuwa. Masu kantuna suka kai ƙara, suna riƙe da takardun da hukuma ce ta ba su. A watan Satumba na shekarar babbar kotun tarayya ta ce a biya su naira miliyan dubu 30, daga bisani aka daidaita a kan miliyan dubu 3. Wato baitulmali ɗaya ya karɓi kuɗin fili, ya biya kuɗin rushewa, ya kuma biya diyya.

A ganinmu ba daidai ba ne a ɗora laifin duka a kan talaka. Birnin da Barth ya ƙidaya da dubbai yau da miliyoyi ake ƙidaya shi, kuma magidancin da ƴaƴansa suka isa aure ba zai dubi tudun ƙasa ya ga Gijimasu ba, ɗaki zai gani. Amma wanda ya jingina ɗaki ɗaya da badala daban yake da wanda aka yanka wa layin kantuna don ya yi wa jam'iyya hidima. Kuma ɓarnar ba ta tsaya ga tarihi ba. Kududdufan da aka haƙi ƙasar ganuwa a cikinsu su ne ke shanye ruwan sama na birni. Da aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwan bai fasa zuwa ba, gidajen mutane ya koma shiga.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu ma muna da Birnin Damagaram. Ganuwar da Sarki Tanimu (1851 zuwa 1884) ya kewaye shi da ita, ya kafa mata igwa, yau guntaye ne suka rage. Tun 2006 unguwar Birni da fadar sarki suke cikin jerin jira na UNESCO, muna kuma da dokar kare kayan tarihi tun 1997. Amma ran 3 ga Satumba 2024 ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni na tsakiyar ƙarni na 19, jama'a suna kallo. Shekara ɗaya kafin nan, a watan Agusta 2023, wani sashe na masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ya rufto wa masallata ana sallar la'asar, aka yi asarar rayuka.

Hannun da ya iya aikin bai ƙare ba. Hasumiyar Agadas mai mita 27 tana tsaye saboda fadar Sarkin Abzin da magina na gado ba su daina yaɓe ta ba, kuma a 2013 tsohon garin ya shiga gadon duniya. Nan jihar Tawa, Alhaji Falke Barmu ya soma masallacin Yama a 1962 da ƙasar garin da gayyar mutanen garin, har ya samu lambar Aga Khan a 1986.

Abin da ake bukata daga magadan gari da ma'aikatan auna filaye ba mai tsada ba ne. Kafin a sa hannu a takardar raba fili kusa da tsohon gini, a fita a auna abin da ya saura, a kafa masa iyaka da duwatsu, a rubuta a littafin hukuma, a ba mai unguwa kofi. Kududdufin da ke gefensa a bar shi kududdufi. A kuma ware wa sarkin magina wani abu cikin kasafin kowace shekara, ba sai bango ya faɗi a je neman taimakon ƙasashen waje ba. Lokacin yaɓe kuwa sananne ne: bayan an ɗaure hatsi, tun kududdufai ba su ƙafe ba, kafin samari su kama hanya.