Ɗaliban Makarfi da Dokar da Ba Ta Iso Ƙauye Ba

Ɗalibai mata da ke karatun kiwon lafiya a kwalejin Shehu Idris ta Makarfi ba su cika damuwa da sunan da ake laƙaba musu ba, wai 'yan rajin mata. Abin da nake ji a bakinsu ya fi haka nauyi: yarinyar da aka cire daga aji aka aurar, da wadda naƙuda ta yi tsanani amma aka hana ta zuwa asibiti sai maigida ya dawo daga gonar rake.

Doka dai akwai ta. A 2018 Jihar Kaduna ta yi dokar hana cin zarafin mutane, a 2020 kuma Gwamna Nasir El-Rufa'i ya sa hannu kan hukuncin dandaƙa ga wanda ya yi wa ƙaramar yarinya fyaɗe. Amma a Hunkuyi ko Ikara, sau da yawa maganar kan mutu a zauren mai unguwa, a ce a rufa asiri don kada yarinya ta rasa miji. Nan ne ran ɗaliban ke ɓaci, kuma ni ina bayansu.

Masu cewa aƙidar Turawa ce suka kwaso, ɗaliban kan tuna musu da Nana Asma'u da 'Yan Taru, su kawo gado da sadaki da neman yardar mace kafin aure, duk daga Musulunci. Wasunsu ma kan ƙara da Dakta Hadiza Balarabe, likitar da ta zama mataimakiyar gwamna a 2019.