Kallon Fim Da Majigi A Makaranta: Abin Da Zai Ci Da Izinin Da Ake Buƙata

Kwanakin baya wani malamin firamare daga wajen Kudan ya turo mini saƙo a WhatsApp. Kwamitin iyaye da malamai na makarantarsu na son haɗa daren kallon fim a ƙarshen zangon karatu, yara da iyayensu su taru a filin makaranta a haska musu da majigi. Tambayarsa ita ce wace irin na'ura za su hayo, kuma nawa za ta ci. Na ce masa akwai abin da ya riga na'ura: wane fim za ku nuna, kuma wa ya ba ku izinin nuna shi?

Me doka ta ce?

Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta bai wa mai fim ikon hana kowa nuna fim ɗinsa a bainar jama'a sai da yardarsa. Sayen faifai ko biyan kuɗin wata na Netflix bai ba ku wannan izinin ba, domin sharuɗɗan Netflix da na YouTube na kallon mutum da mutanen gidansa ne. Ko da ba ku karɓi kuɗin shiga ba, taron iyaye ɗari biyu a fili bainar jama'a ce. Dokar ta yi sassauci kan koyarwa, amma daren nishaɗi da iyaye da 'yan unguwa ba darasin aji ba ne.

A Amurka makarantu kan sayi lasisin shekara daga kamfanoni irin su Swank. A nan kuwa akwai ƙungiyar AVRS, wadda Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta amince mata tun 2014 ta riƙa bayar da lasisi da karɓar kuɗi a madadin masu fina-finai.

Hanyoyi uku na samun fim da izini

Ta farko, kuma mafi sauƙi gare mu, fim ɗin Kannywood. Yawancin furodusoshi a Kano suke, kuma suna da shafuka a Facebook da Instagram. Shugaban makaranta ya rubuta takarda mai tambarin makaranta, ya faɗi sunan fim, rana, wuri, adadin mutanen da ake sa ran zuwansu, da ko za a karɓi kuɗi. Ku nemi amsa a rubuce, kuma daga mai fim ɗin, domin jarumin da ya fito a ciki ba lallai shi ne mai shi ba.

Ta biyu, fina-finan da masu su suka sake wa kowa a ƙarƙashin lasisin Creative Commons. Misali shi ne Big Buck Bunny na gidauniyar Blender, katun na 2008 mai tsawon kusan minti 10. Ba a magana a cikinsa, don haka babu matsalar harshe. Sharaɗinsa kawai a ambaci waɗanda suka yi shi.

Ta uku, tuntuɓar AVRS ko kamfanin da ke rarraba fim ɗin. Wannan hanyar ta fi ɗaukar lokaci, sai a fara da wuri.

Fassarar Indiya da ake turawa a waya a kasuwa ba ta cikin waɗannan ukun, domin mai turawar shi kansa galibi ba shi da izini. Sannan ku duba matakin da hukumar tace fina-finai ta ƙasa, wato NFVCB, ta ba fim ɗin. Mai alamar G ya dace da kowa, PG na buƙatar kulawar iyaye, 15 da 18 kuwa ba na yara ba ne. Malamai biyu da uwa ɗaya su kalle shi tun daga farko har ƙarshe kafin ranar.

Lissafin kayan aiki

Majigi: ku nemi mai hasken da ya kai lumen 3,000 na ma'aunin ANSI. Ƙananan da ake tallatawa da manyan lambobi a jikin kwali sukan dushe a fili. Haya ta fi saye idan sau ɗaya ko biyu za a yi a shekara. A Zariya ake samu, don haka ku sa kuɗin motar ɗauko shi da mayarwa zuwa Ikara, Makarfi ko Kudan a lissafi.

Allo: farin bangon aji ko farin yadi da aka ɗaure tamau ya wadatar.

Sauti: lasifikar cikin majigi ba za ta kai layi na uku ba. Ku hayo na masu biki.

Wuta: majigi mai ƙwai kan ja kusan wat 300, kwamfuta 65, lasifika da fitilu kamar 300. Jimla ta kusa 700, don haka janareta mai 2kVA zai ɗauka cikin kwanciyar hankali. Ku ajiye shi nesa da doguwar waya saboda ƙara da hayaƙi. Ku tambayi mai shi lita nawa yake sha a awa, ku ninka da awa huɗu, ku lissafa da farashin fetur na ranar.

Sauran su ne tabarmi, ruwan sha da ɗan ihisani ga 'yan sintiri.

Kafin a sa rana

Ku sanar da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, da mai unguwa, da ofishin 'yan sanda mafi kusa. Ku zaɓi lokacin rani, ku fara bayan Isha'i, ku tashi da wuri, a kuma ware wa mata wurin zamansu. Ku sauke fim ɗin a kan kwamfuta tun da rana, kada ku dogara da intanet, sannan ku gwada wayar HDMI da sauti kwana ɗaya kafin taron.

Shawarata ga malamin ita ce ya tura takardar neman izini makonni huɗu kafin ranar, kuma kada ya biya kafin alƙalami na majigi sai amsar mai fim ta shigo hannunsa.