"An Kai Tasha": Yadda Ake Ƙara Matakin Oda A Shagon Intanet

Duk wanda ke zaune a Roni yana sayen atamfa ko shadda daga Kantin Kwari ya san hanyar da kaya ke bi. Mai shago ya ɗaure ƙunshi, ya rubuta suna da lambar waya a jikin leda, yaronsa ya kai tasha ya damƙa wa direban motar Kazaure, direba kuma ya kira in ya iso. Kafin nan mai saye ya bugo waya ya fi a ƙirga: "Alhaji, ina labarin kayana?" Wanda ya buɗe shago a intanet yana sa ran shafin zai ɗauke masa wannan amsa. Sai dai manhajar ba ta san tasha ba.

Ɗauki WooCommerce, manhajar shago ta kyauta da ake ɗorawa kan WordPress, wadda ta fito a 2011, kamfanin Automattic ya saye ta a 2015. Manyan matakai bakwai take nuna wa mai shago: ana jiran kuɗi, an dakatar, ana haɗa kaya, an kammala, an soke, an mayar da kuɗi, sai biyan da bai shiga ba. Sun fi dacewa da mai biya da kati wanda za a kawo wa kaya har ƙofar gida. Mu kuwa akwai mai ba da kafin alƙalami ya cika daga baya, akwai yadin da ke wajen tela, akwai kayan da suka kwana a but ɗin mota. A ce wa waɗannan duka "ana haɗa kaya" bai gaya wa kowa komai ba.

Ƙara sabon mataki aiki biyu ne, da harshen kwamfuta na PHP, kuma layukan ba su da yawa. Da farko a yi masa rajista da umarnin register_post_status, a ba shi sunan ciki kamar wc-a-tasha, da sunan da mutane za su gani, "An kai tasha". Sannan a saka shi cikin jerin matakai ta hanyar wc_order_statuses, don ya bayyana inda mai shago ke zaɓa. Ɗalibin kwamfuta a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ko a jami'ar fasaha ta tarayya da ke Babura, zai iya yinsa a zama ɗaya.

Wahalar tana cikin ƙananan abubuwa. Sunan ciki dole ya fara da wc-, kuma kada ya wuce haruffa 20 har da waɗannan ukun, domin iyakar gurbin da aka ware masa a rumbun bayanai ke nan. A bar ƙ da ɗ da ɓ ga sunan da ake gani, na ciki a rubuta shi da haruffa marasa lanƙwasa, ba tazara. Inda aka ajiye layukan ma abin lura ne. Da yawa sukan zuba su a fayil ɗin functions.php na rigar shafin, wato tsarin kamanninsa, ranar da aka sabunta rigar ko aka sauya ta sai su goge ko su daina aiki. Odar da ke kan matakin ba ta ɓace daga rumbu ba, amma za ta iya daina fitowa a jeri, mai shago ya ɗauka an yi masa kutse. Gara a ware musu 'yar manhajarsu daban, a kuma gwada a kwafin shagon tukuna, don alamar rubutu guda da aka manta tana iya tsayar da shafi gaba ɗaya.

Sai maganar kuɗi, wadda a ganina ita aka fi sakaci da ita. WooCommerce matakai biyu kawai take ɗauka a matsayin an biya: ana haɗa kaya da an kammala. Idan "An kai tasha" na nufin alat ya shigo, sai an sanar da ita ta woocommerce_order_is_paid_statuses, a kuma duba ko rahoton ciniki yana lissafa shi. Na kafin alƙalami kuwa kada a kuskura a sa shi a wannan sahu.

Sabon mataki ba ya aika saƙo da kansa, sai an rubuta masa. Tunda mai saye a Gwiwa ya fi duba WhatsApp da tes a kan imel, can ya kamata a karkata saƙon. Kuma manhaja ba ta ganin tashin mota. Yaron da ya kai kaya, ko mai gidansa, shi zai sauya matakin, ya rubuta lambar direba da ta mota a bayanin da ake tura wa mai oda.