Ƙwaron Ƙaya: Ire-irensa, Kamanninsa da Rayuwarsa

Manomin ƙasar Funtuwa ko Malumfashi da ya tsaya ya dubi reshen bagaruwa a gefen gonarsa, wani lokaci yakan ga ƙayoyi a jere, da ya kai hannu sai ɗaya ta yi tsalle ta ɓace. Lalle wannan ƙwaro ne, daga dangin da masana suka sa wa suna Membracidae tun shekarar 1815. Ire-irensa da aka sani sun haura 3,000, mafi yawansu a dazuzzukan Amurka ta Kudu. Daga cikin na Afirka akwai Oxyrhachis tarandus, mai zama a kan itatuwa dangin bagaruwa da tsiro dangin wake.

Abin da ake shaida shi da shi, shi ne garkuwar da ta tashi daga bayan kansa ta lulluɓe gadon bayansa, sau da yawa da ƙahoni biyu a gaba da tsini guda a baya. Yawanci tsawonsa bai wuce santimita 1 ba. Ba shi da baki na tauna, sai tsinke da yake soka wa reshe ya tsotsi ruwan jikinsa.

Rayuwarsa mataki uku ce, watau ƙwai, da ɗa, da babba. Macen takan tsaga ɓawon reshe mai taushi ta jera ƙwai a ciki, a wasu ire-iren ma har ta zauna gadinsu. 'Ya'yan sukan fito ba fiffike, su yi saɓa sau biyar kafin su girma. Ba sa zama tsutsa kamar ƙwarin da ke cin ƙwallon auduga. Har wa yau suna fitar da ruwa mai zaƙi irin na darɓa, tururuwa na sha, ita kuwa tana kore musu abokan gaba. Saboda haka sintirin tururuwa a reshe alama ce ta inda suke.

Amfanin wannan sani ga manomi a fili yake. Ɓarnar ƙwaron ƙaya ba ta cika wuce bushewar kan reshe ba, amma ɗan'uwansa Cicadulina, wanda ba shi da garkuwa, shi ke yaɗa cutar da ke zana wa ganyen masara layi-layi ta tsumburar da ita. Wanda ya kasa bambanta su zai zubar da kuɗin feshi a banza, ya kuma hallaka ƙudan zuma da gizo-gizon da ke taimakon gonarsa.