Tara Tsofaffin Faya-fayan Garmaho: Misali Daga Kamaru

1.0 Gabatarwa

Asalin faifai shi ne abin da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya ko bakace. Da garmaho ya shigo, sai Bahaushe ya ga abin da ake ɗora masa kewayayye ne, shi ma ya kira shi faifai. Wannan shi ake kira faɗaɗa ma'ana. Takardar nan za ta yi bayani a kan dalilin da ya sa ake tara irin waɗannan faya-fayai bayan an daina yayinsu.

2.0 Ƙaramin Faifai

A 1949 kamfanin RCA Victor na Amurka ya fito da ƙaramin faifan roba mai faɗin inci 7, wanda ke juyawa sau 45 a minti. Kowace fuska takan ɗauki waƙa ɗaya. Ta gaba ita ake talla, ta baya kuwa sau da yawa ciko ce.

3.0 Alaƙarsa da Kiɗan Hip Hop

A kan faifai aka haifi hip hop. A 1973, a unguwar Bronx ta birnin New York, DJ Kool Herc ya fara jan hankalin matasa. Yakan ɗora faifai biyu iri ɗaya, ya riƙa maimaita gaɓar da ganga ke tashi ita kaɗai. Daga baya makaɗa suka shiga yanko guntun tsohon kiɗa suna gina sabo a kansa. Saboda haka tonon faya-fayan gwanjo ya zama rabin sana'ar.

Kamaru na da kyakkyawan misali. A 1972 Manu Dibango ya yi taken gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta Afirka, wadda ƙasar ta ɗauki baƙuncinta. A bayan faifan ya sa "Soul Makossa". Kongo ta ci kofin, aka manta da taken. Amma David Mancuso ya tsinci waƙar ta baya a wani kanti a Brooklyn, ya riƙa sa ta a wurin rawa, har kamfanin Atlantic ya sake buga ta. Michael Jackson ya ari amshinta a 1982, Jay-Z kuma ya yanko kiɗanta a 1997. Abin da aka raina shi ya tsone ido.

4.0 Abin Lura ga Mai Tarawa

Mai tarawa yakan duba ko bugun farko ne, da sunan kamfani, da lambar da aka karta kusa da tsakiya, da lafiyar jaka. Idan a unguwar Poumpoumré ta Garwa yake, to yana da abokan gaba biyu. Na farko zafin bazara, wanda kan wuce digiri 40, ya lanƙwasa roba. Na biyu ƙurar hunturu, wadda ke cika layukan da allura ke bi. Don haka akan jera faifai a tsaye, cikin jakarsa, a inuwa.

5.0 Kammalawa

Ga ɗalibin harshe, faifai ya wuce abin nishaɗi. Muryoyin su Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da ke kan tsofaffin faya-fayai shaida ce ta karin harshe da kalmomin zamaninsu. In aka bar faifai ya lalace, kuma babu kwafi, to shaidar ta tafi ke nan.