Alƙaluman 'Yan Wasan Ƙwallon Kwando: Abin da Wasa Ɗaya Ke Iya Gaya Mana

Ran 2 ga watan Agusta na shekarar 2012, a gasar Olamfik ta birnin Landan, ƙungiyar ƙwallon kwando ta maza ta Nijeriya ta kara da ta Amurka. Aka tashi Amurka na da maki 156, Nijeriya 73. Bayan shekara tara, wato ran 10 ga Yuli, 2021, ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a wasan sada zumunci a birnin Las Vegas, sai Nijeriya ta ci 90 da 87. A ƙarshen kowane irin wannan wasa akan fitar da jadawali mai ɗauke da sunan kowane ɗan wasa da alƙaluman aikin da ya yi. Bari mu duba yadda ake karanta wannan jadawali, domin ƙa'idar da ake bi ita ce wadda muke koya wa ɗalibai a ɗakin gwaje-gwaje.

Da farko dai, ga tsarin wasan. A gasar ƙasa da ƙasa, wadda hukumar FIBA ke kula da ita, ana yin minti 40 ne, an raba shi zango huɗu na minti 10. Kowane ɓangare yana da mutum biyar a fili. Ƙwallon da aka jefa cikin kwando daga kusa maki 2 ce. Wadda aka jefa daga bayan wani lanƙwasasshen layi mai nisan mita 6.75 maki 3 ce. Jifan kyauta, wanda ake bai wa ɗan wasan da aka yi wa keta, maki 1 ne.

Jadawalin yakan nuna mintocin da ɗan wasa ya yi a fili, da makin da ya ci, da yawan jifan da ya yi da waɗanda suka shiga. Yakan kuma nuna sau nawa ya cafe ƙwallon da ta bugi bakin kwando ta dawo, sau nawa ya miƙa wa abokinsa ita ya ci, sau nawa ya ƙwace ta daga abokan hamayya ko ya tare jifansu, da kuma sau nawa ta suɓuce masa ta koma hannunsu.

Yawancin mutane layin maki kawai suke dubawa, alhali maki kaɗai ba ya wadatarwa. A ƙaddara wani ya ci maki 20 bayan ya yi jifa 25, wani kuma ya ci maki 14 da jifa 8. Na farkon ya fi yawan maki, amma ya ɓarnatar da damar da abokansa za su iya amfani da ita. Don haka ne ake raba jifan da ya shiga da dukan jifan da aka yi, a fitar da kashi cikin ɗari. Akwai kuma wani ma'auni da FIBA ke amfani da shi: a haɗa maki da cafewa da miƙawa da ƙwace da tarewa, sannan a debe jifan da bai shiga ba da ƙwallon da aka yi asara. Ta haka wanda bai ci maki da yawa ba, amma ya yi wa ƙungiyarsa sauran hidima, shi ma aikinsa yake fitowa fili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, mu koma wasan Landan. Ike Diogu na Nijeriya ya ci maki 27, wato fiye da sulusin makin ƙungiyarsa. Amma wanda ya fi ba da mamaki shi ne Carmelo Anthony na Amurka, wanda ya ci maki 37 cikin kimanin minti 14 da rabi. Ya yi jifan nesa 12, guda 10 suka shiga, wato kashi 83 cikin ɗari.

A nan mai karatu zai iya yin kuskure iri biyu. Na farko shi ne ya ce: tun da ya ci kusan maki biyu da rabi a kowane minti, da an bar shi ya yi minti 40 da ya haura maki 100. Lissafin daidai ne a takarda, amma jikin ɗan Adam ba ya aiki haka. Tsoka tana da wani ɗan tanadin makamashi na gaggawa, wanda take amfani da shi wajen tsalle da gudun tsere, kuma yakan yi ƙasa ƙwarai cikin daƙiƙa goma ko makamancin haka idan ana aiki da iyakar ƙarfi. Sai an sarara kafin ya dawo. Idan wasa ya yi nisa, gajiya kan rage tsalle, ta kuma ɓata saitin hannu. Minti na 35 ba daidai yake da minti na 5 ba.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauka kashi 83 ɗin nan shi ne ainihin gwanintarsa. A tsawon shekarun da ya yi yana wasa a gasar NBA ta Amurka, inda ya yi dubban jifan nesa, kimanin kashi 35 da rabi ne suka shiga. Mai irin wannan hannu, in ya yi jifa 12, abin da ake sa rai shi ne guda 4 su shiga. Idan muka yi lissafin yiwuwa, samun 10 ko fiye zai faru ne kamar sau ɗaya cikin dubu. Wani ɓangare na bayanin shi ne layin NBA ya fi nisa, domin yakan kai mita 7.24, kuma tsaron Nijeriya a daren nan bai hana Amurkawa sakewa ba, har suka jefa ƙwallon nesa 29. Sauran kuwa sa'a ce, irin wadda takan bayyana a duk inda abin da aka ƙirga bai da yawa.

Ɗaliban ilimin halittu sun san wannan darasi daga aikin Gregor Mendel, wanda ya wallafa bincikensa kan gadon halitta a 1866. Da ya ƙirga ƙwayoyin wani nau'in wake na Turai, ya sami wata shuka mai ƙwaya sumul 43 da yamutsattsu 2, wata kuma mai sumul 14 da yamutsattsu 15. Da ya tsaya kan ɗaya daga cikinsu da ya ɓata. Sai da ya tara ƙwaya 7,324 daga shuka 253, ya sami 5,474 da 1,850, sannan rabon nan na uku da ɗaya ya bayyana. Wasa ɗaya tamkar shuka ɗaya ce.

Wannan ƙa'ida ta shafi nasara kamar yadda ta shafi shan kaye. A Las Vegas, Gabe Vincent ya ci wa Nijeriya maki 21, ƙungiyar kuma ta jefa ƙwallon nesa 20. Wato maki 60 cikin 90 sun fito ne daga irin jifan da ya fi kowane hawa da sauka daga wannan rana zuwa waccan. Nasarar ta cancanci murna, domin ita ce ta farko da wata ƙasar Afirka ta yi a kan Amurka, kuma ta nuna an sami ci gaba na gaske tun daga 2012. Amma bayan 'yan makonni, a gasar Olamfik ta Tokiyo, Nijeriya ta sha kaye a hannun Ostareliya da Jamus da Italiya, Amurka kuwa ta ɗauki lambar zinariya.

Saboda haka, duk sa'ad da ɗalibi ya ga wani adadi mai ban mamaki, ya tambayi kansa abu uku: cikin gwaji nawa aka same shi, a wane yanayi, kuma ko ya maimaita kansa? Malamai na iya gwada wannan a filin makaranta. A sa ɗalibi ya yi jifa 10 kowace rana har kwana 10, ana rubutawa. Za a ga sakamakon kowace rana yana hawa yana sauka, amma jimlar jifa 100 za ta fi kusa da ainihin iyawarsa. Wanda ya koyi wannan a gindin kwando ba zai yanke hukunci kan ingancin taki daga shuka ɗaya ba, ko kan amfanin magani daga majinyaci ɗaya.